Mazubin man shanu ruwa yake so

Jama'a, duk wanda ya sayi mazubin katako na man shanu, irin na ƙauyukan Faransa da ake danna man a ciki ya fito da zane, don Allah kada ya shafa masa mai. Ruwa yake so.

Ni nawa a wata kasuwar ƙauye a yankin Normandi na Faransa na same shi, mai cin giram 250, an sassaƙa saniya a cikinsa. Dattijuwar da ta sayar min ba ta bar ni na tafi ba sai da ta koya min: a kwarara masa ruwan zafi, a dirje cikinsa da gishiri, sannan a nutsa shi cikin ruwa mai ƙanƙara kamar rabin awa.

Busasshen katako shan mai yake yi, shi ya sa man ke maƙalewa a lungunan zanen. In ya ƙoshi da ruwa kuwa, mai ba shi da wurin shiga. Kamar dai curin man da Fulani ke sakawa cikin nono, ba ya kama ƙwarya.

Na danna man da cokali tun mazubin na jiƙe, na sa a firij ya daskare, na kife shi a faranti na ɗan ƙwanƙwasa. Wallahi har ƙahon saniyar da gashin wutsiyarta sun fito tsaf! Na daɗe ban ji daɗin aikin hannuna haka ba.

Wajen wanki, ruwan zafi kawai, ban da sabulu, don ƙamshinsa na bin katako ya shiga man. A shanya shi a inuwa, rana tana tsaga shi.