Kafin a Kafa Rumfa a Kan Layi

Bayan ƙaramar Sallah ne aiki ke yi mana yawa a Kano, lokacin da samarin unguwa ke haɗa kuɗi su shirya walima a ƙofar gida. Duk wanda ya zo hayar rumfa da kujeru, tambayata ta farko ita ce: mai unguwa ya sani? In ya fara sosa ƙeya, sai in ce, ƙanena, je ka dawo tukuna.

Layi na kowa ne. A fara gaida dattawa da limamin masallaci, a bi gida-gida musamman inda akwai mara lafiya, sannan mai unguwa ya sa albarka. Daga nan a kai takarda ofishin 'yan sanda na yankin, da rana da lokacin tashi. In hanyar da Adaidaita Sahu ke bi ce, dole a sanar da KAROTA, hukumar kula da zirga-zirgar ababen hawa ta Kano. Maza gefe, mata gefe, kuma lasifika ta yi shiru da an kira sallah. In an kiyaye wannan, Hisbah ba ta da abin cewa.

Sauran aikin namu ne. A hannun kawuna na koya, zamanin gora da tampol, kuma shi ya hana ni toshe layi gaba ɗaya, domin naƙuda ba ta sallama. Har yau ina barin gefen da mota za ta wuce, kurar 'yan ga-ruwa ma ta samu hanya. Ba ma fasa kwalta don kafa ƙarfe. Buhunan yashi muke ɗaure wa kowace ƙafa, igiya ta zarge sau biyu. Da damina kuwa, gefen gabas nake fara ƙarfafawa, tunda daga can hadari ke tasowa.

Abin da ke ci min tuwo a ƙwarya shi ne masu rumfar bututu siriri, wadda iska kaɗan ke kifarwa a kan tukunyar shinkafa. Su karya farashi, su huda titi, su bar shara, gobe mai unguwa ya hana kowa. Sai kuma a zo ana ce min wane ya ce rabin kuɗinka. To, a je wajen wanen.

Mu dai kafin asuba mun kwashe kaya, yarana sun share layin tas. A riƙa yi mana magana da mako guda, saboda takardar 'yan sanda ba ta son gaggawa.