Abin da na koya a teburin ɗanɗanon shayi, daga ganye mai araha

A kamfanin da nake aiki muna sayen ganyen shayi ne buhu-buhu, mu gauraya, mu zuba a kwalaye da 'yan jakunkunan tsomawa. Da aka mayar da ni ɗakin gwaji don in koyi ɗanɗano, ganyen da aka ajiye a gabana shi ne mafi araha a cikin kayanmu: baƙi, ƙanana-ƙanana, irin wanda inji ya murƙushe. Irinsa ne talakan duniya ke sha safe da yamma, kuma da shi kamfani ke cin abinci. Na daɗe a kansa kafin a bar ni in taɓa ganye mai suna. Yau kuwa da za a ba ni sabon shiga in koya masa, ta nan zan fara da shi.

Kafin harshe ya ce komai, sai an daidaita yadda ake dafawa. Akwai ƙa'idar ƙasa da ƙasa a kan wannan, ISO 3103, wadda aka fitar a 1980: giram 2 na ganye ga kowane mililita 100 na ruwa, ruwan ya zama yanzu ya tafasa, a rufe na minti 6 a farin kofin tangaran mai murfi da 'yan haƙora a baki, sannan a tsiyaye a farin kwano. Ba sukari. Minti 6 ya yi yawa ga wanda ke son ya sha ya ji daɗi, kuma da gangan aka yi haka, don ganye ya amayar da duk abin da ke cikinsa, mai kyau da marar kyau. In kofi ɗaya ya yi minti 4 ɗaya ya yi 7, agogo ka gwada, ganyen bai samu adalci ba. Shi ya sa sikeli da agogo suka zama kayan aikina na farko, tun kafin cokali. Ruwan ma yana da nasa: mai yawan ma'adinin kalsiyam yana dushe launin shayi, yana sa wata 'yar fata ta taso a sama, ya kuma danne kaifin ɗanɗano. Ganye ɗaya a ruwa biyu kamar ganye biyu ne.

Ana duba kowane samfuri sau uku. Busasshen ganye tukuna: girmansa ɗaya ne, ko akwai ƙananan kara da zare-zare masu launin ƙasa a ciki? Sannan jiƙaƙƙen ganyen da aka juye a bayan murfi, wanda sabon shiga kan raina alhali shi ya fi faɗin gaskiya. In ya fito da launin jan ƙarfe mai haske, aikin masana'anta ya yi. In ya yi duhu ya dushe, an bar shi ya sha iska fiye da kima a matakin da ke mayar da ganye baƙi, ko an wahalar da shi. In kuwa akwai kore-kore a jiki, an katse shi bai gama ba. Na uku shi ne ruwan kansa.

Yadda ake kai ruwan baki yana ba baƙo mamaki. A ɗebo da cokali, a zuƙa da ƙarfi har ya yi ƙara, ya watsu ko'ina a baki tare da iska, a juya shi, a tofar. Dalilin ƙarar shi ne hanci. Harshe ɗanɗano biyar kawai yake rarrabewa: zaƙi, tsami, gishiri, ɗaci, da wannan garɗi irin na romo. Yawancin sauran abin da muke ji a shayi, fure ne, hayaƙi ne, ɗanyen ganye ne, ƙamshi ne da ke hawa ta bayan maƙogwaro ya isa hanci. Kowa na iya gwadawa: toshe hanci ka kurɓa, sannan ka saki, za ka ji kamar an buɗe taga. Ranar da nake mura ba na sa hannu a takardar sayen kaya. Akwai kuma wani zanen harshe da ke cewa ƙarshen harshe na zaƙi ne, can ciki na ɗaci, amma ba haka abin yake ba. Ya samo asali ne daga binciken wani Bajamushe a 1901 da aka yi wa gurguwar fahimta daga baya. Duk inda akwai ƙwayoyin ɗanɗano a harshe ana jin duka biyar ɗin.

Darasin da ya fi ɗaukar mini lokaci shi ne raba ɗaci da bauri. Ɗaci ɗanɗano ne, wani ɓangarensa daga kafeyin yake zuwa. Bauri kuwa ji ne irin na taɓawa: sinadaran ganyen suna kama furotin ɗin da ke cikin miyau, santsin baki ya tafi, dasashi ya bushe, harshe ya yi kaushi. Mai koyo yakan haɗa su ya ce shayin ya yi ƙarfi, ya wuce. Amma a sana'ar nan nisan da ke tsakaninsu kuɗi ne. Bauri mai kaifi, wanda ke tsunkular baki ya saki, ya bar shi a wartsake, shi ake nema a baƙin shayi, shi ke sa mutum ya ji ya sha wani abu. Ɗaci mai nauyi da ke maƙale a maƙogwaro bayan an tofar, wannan aibi ne. Akwai kuma wanda ba shi da ko ɗaya, launi kawai, lami. Wannan ya fi yaudarar ido, domin a kofi jajir yake.

Sanin inda waɗannan abubuwa ke fitowa ya taimaka wa harshena fiye da yadda na zata. Baƙin shayi da kore duk daga tsiro ɗaya suke. Bambancin shi ne baƙi ana murza ganyensa a bar shi ya sha iska, kore kuma ana yi masa zafi da wuri don a tsayar da wannan sauyi, Sinawa galibi a kasko, Japanawa da tururi. A lokacin shan iskar ne wasu sinadarai iri biyu ke samuwa: ɗaya mai ruwan zinariya da ke ba da haske da kaifi, ɗaya ja mai duhu da ke ba da launi da jiki. In an wuce lokaci, na farko ya ragu, na biyu ya yi yawa, shayi ya yi duhu ya mutu. Da na gane haka, sai na fara ganin masana'anta a cikin kofi. Madara ma a nan take shigowa, furotin ɗinta yana kama sinadaran bauri kafin su kama na miyau, shi ya sa take tausasa shayi mai ƙarfi. Saboda haka duk ganyen da za a sha da madara muna gwada shi da ita. Mai kyau yakan yi launin zinariya zuwa ja mai haske, marar kyau ya koma toka-toka.

Akwai ra'ayin da ya yaɗu cewa ƙanƙanin ganye shara ce da aka share daga ƙasan masana'anta. Wannan zalunci ne ga manoma da ma'aikata da yawa. Tun farkon shekarun 1930 wani mai suna William McKercher ya ƙirƙiro inji a Assam da ke Indiya, mai murƙushe ganye ya yayyaga ya dunƙule, wanda ake kira CTC. An yi shi ne don ganye ya saki launi da ƙarfi da sauri. Kusan duk shayin Kenya haka ake yinsa, kuma Kenya ce kan gaba a duniya wajen fitar da baƙin shayi, ana gwanjonsa kowane mako a Mombasa. Lambobin da ke kan buhu, BP1, PF1, PD, D1, girman ƙwaya suke nunawa bayan an tankaɗe, daga manya zuwa gari. Ba maki ba ne na kyau. Garin da ya fito daga toho da ganye biyu na saman reshe, a tudun Kericho da ke Kenya, aka sarrafa shi da kula, ya fi dogon ganye tsoho daga gonar da aka yi wa sakaci. Na ɗanɗana wannan da bakina sau da yawa har na daina tambayar girma kafin in kurɓa.

Farashi ma ɓoye mana shi ake yi. Kofuna lamba kawai suke ɗauke da ita, takardar kuɗi sai an gama rubutu ake buɗewa. Dalilin yana da tushe. A 2008 Hilke Plassmann da abokan aikinta suka wallafa wani bincike da aka yi a Amurka: an ba mutane giyar inabi iri ɗaya, sau ɗaya aka ce kwalbar dala 10 ce, sau ɗaya dala 90. Sun ce ta dala 90 ta fi daɗi, kuma hoton ƙwaƙwalwarsu ya nuna sashen da ke da alaƙa da jin daɗi ya fi motsi. Wato ba ƙarya suka yi ba, farashin ne ya shiga cikin abin da suka ji. Abin da ya ci mai shan inabi ba zai bar mai ɗanɗanon shayi ba. In kuma ana son a san ko da gaske mutum yana jin bambanci, sai a jera masa kofi uku, biyu iri ɗaya, ɗaya daban, a ce ya fitar da baƙon. Mai kintace zai dace sau ɗaya cikin uku, don haka ana maimaitawa. Gwaji ne da kowa zai iya yi a gida da kwali biyu masu araha, kuma ban san hanyar da ta fi shi horar da baki ba.

Dattijon da ke koya mini ba ya yarda a ce masa shayi yana da kyau a tsaya nan. In na faɗa, sai ya ce, "Wa zai sha, kuma da me?" Wata rana na ce masa, "Malam, ai mai kyau mai kyau ne ko a hannun wa." Bai yi musu ba, ya zuba madara a kofin Darjeeling na tsinkar farko ta shekara, ya miƙo mini. Ganye ne mai tsada daga gangaren Himalaya, mai ƙamshin fure, ruwansa fatsi-fatsi. Madarar ta shanye shi gaba ɗaya, ya zama ruwan ɗumi. Kusa da shi garin Assam mai araha ya tsaya da ƙafarsa a cikin madara, da jiki da garɗi. Haka hayaƙi: in an ji ƙauri a shayin CTC, wutar busarwa ce ta yi yawa, a rage masa kuɗi. Amma Lapsang Souchong na lardin Fujian a Sin da hayaƙin itace ake busar da shi da gangan, hayaƙin nan shi mai saye ke biya. Tun daga nan kowane hukunci da na rubuta yana tafiya da amfaninsa: na madara, na sha haka nan, na cika gauraye, na ba da launi.

Aibobin da suka fi yawa a ganye mai araha ba a gona ake samunsu ba, a hanya ne da ɗakin ajiya. Ganye yana barin masana'anta a bushe ƙarau, danshinsa wajen kashi 3 cikin 100, kuma yana zuƙar laima da wari daga duk abin da ke kusa. Buhun da ya kwana gefen sabulu zai zo da sabulu. Wanda ya sha laima yana warin fumfuna, wanda ya tsufa yana jin kwali, kaifin ya tafi. Na kuma koyi yin hattara da ganyen da aka zuba wa ƙamshi mai yawa na lemo ko fure. Wani lokaci ado ne a kan ganye lafiyayye, wani lokaci lulluɓi ne. In an bar kofin ya huce, ƙamshin da aka zuba yakan tashi, abin da ke ƙasa ya bayyana.

Duk wannan yana shiga littafi, da kalmomi kaɗan da dukanmu a ɗakin muka yarda da ma'anarsu: haske, kaifi, jiki, launi, lami, ƙauri, tsufa. In na rubuta "jiki", dole ya zama abin da abokin aikina ke nufi da "jiki", in ba haka ba takardar ba ta da amfani ga mai saye. Aikin da ke jiran wannan rubutu shi ne gauraye. Mai sayen kwali mai araha yana son na wannan wata ya zama daidai da na watan jiya, alhali ganyen gona yana sauyawa da ruwan sama da rani. Don haka kullum akwai kofin ma'auni a farkon layi, na gaurayen da ke kasuwa yanzu, sauran a bayansa. In na Kenya ya zo da haske amma jiki ya yi kaɗan, a ƙara na Assam. In launi ya gaza, a nemo wanda zai cike, a sake dafawa, a sake jerawa, har sabon kofi ya ɓace a gwajin kofi uku.