Godiya ga makaɗan Kinshasa da madugunsu

Jama'a assalamu alaikum. Alhamdulillah taron kiɗa da waƙa na ƙungiyar makaɗan cocin Kimbangu da muka je kallo a nan Kinshasa ya tashi lafiya, mun dawo gida lafiya da ni da iyali, kuma wallahi zuciyata ta ƙi kwanciya sai na yi wannan godiyar a bainar jama'a, don abin da mutanen nan suka yi mana ya wuce a ce an gode a baki kawai a wuce.

Farko dai maƙwabciyarmu tela, wadda ita ce ta matsa mana lamba mu je, ita ma tana cikin 'yan waƙar ƙungiyar. Mama, Allah ya saka da alheri, ya ƙara buɗi a sana'a. Baiwar Allahn nan wuni take a kan keken ɗinki, yamma na yi ta rufe shago ta hau acaɓa ta kutsa cikin cunkoson Kinshasa ta tafi Ngiri-Ngiri wurin gwaji, kuma ko sisi ba a biyanta. Haka mafi yawansu suke, kusan mutum 200, akwai masu gyaran wuta, akwai masu aski da kitso, akwai masu sayar da abinci a bakin kasuwa.

Sai babbar godiya, ga mutumin da ya kafa abin, Armand Diangienda, wanda su suke kira Papa Armand. Ga waɗanda ba su san shi ba, matuƙin jirgin sama ne fa asalinsa, kamfanin da yake wa aiki ya durƙushe ya rasa aiki, maimakon ya zauna zaman jiran tsammani sai ya tara mutane a 1994 ya kafa ƙungiyar makaɗa ta cocin Kimbangu. Jika ne ga Simon Kimbangu, jagoran addinin da cocin ke ɗauke da sunansa, wanda Turawan Beljiyam suka kama a 1921 ya shekara 30 a kurkuku har ya rasu a 1951 a garin da yanzu ake kira Lubumbashi. Bai yi makarantar kiɗa ba, da kansa ya koyi karanta rubutun kiɗan Turawa, ya koyi kayan kiɗan, sannan ya juyo yana koya wa wasu a harabar gidansa. Gogen Turawan da suka fara da su ba su wuce a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba, karɓa-karɓa ake yi, wannan ya ɗan goga ya miƙa wa na kusa da shi. In tsirkiya ta tsinke babu inda za a sayo, sai a nemo wayar birkin keke a ɗaura. Daga baya har sassaƙa manyan gogen suka koya da katakon ƙasar.

Ku tuna kuma wane lokaci ne wannan. Ƙarshen mulkin Mobutu ne, aka yi yaƙi ya faɗi a 1997, wani yaƙin ya sake ɓarkewa a 1998 har zuwa 2003, kowa ta cikinsa yake yi, amma mutumin nan ya riƙe jama'arsa ba su watse ba. Ni a ganina nan ne aikin yake, shi ya sa nake jin haushi in na ji ana cewa ai madugu kaɗa sanda kawai yake yi. Mama ta kai ni wurin gwaji kafin ranar, na zauna a gefe na gani da idona. Layi ɗaya tak aka yi ta maimaitawa, madugun ya ɗaga hannun hagu kowa ya yi tsit, ya nuna masu busa can baya ya ce sun riga shiga, a sake, a sake, har na fara tausayinsu. Ana cikin haka aka ɗauke wuta, na ce to yau kam an tashi, ina! Sai ga fitilun waya sun haska takardu, wani ya fita wurin janareta, su kuwa suka ci gaba kamar ba abin da ya faru. Mutum ya kwaso gajiyar wuni ya zo, ka ce masa bai yi daidai ba ya sake, kuma gobe ya dawo da ƙafarsa ba albashi, wannan sai wanda ake ganin girmansa tsakani da Allah.

Ranar taron kuwa abin ba a cewa komai. Waɗanda Lingala da Faransanci suke ji ne fa suka buɗe baki suna rera waƙar Beethoven, shahararren mai tsara kiɗa na Jamus, da Jamusanci, waƙar da aka fara yi a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya tun 1824 lokacin da mai ita ya riga ya kurmance. Ban ji kalma ɗaya ba amma tsigar jikina sai da ta tashi lokacin da muryoyin suka haɗu gaba ɗaya, ƙaramar 'yata da ba ta iya zama wuri guda ta yi shiru ta riƙe hannuna gam.

Duniya ma ta shaida, an yi fim a kansu a 2010, a 2013 ƙungiyar Royal Philharmonic ta Landan ta karrama Papa Armand da zama ɗanta na girmamawa, a 2014 kuma suka je Ingila suka yi wasa. Duk da haka aka tarbe mu hannu bibbiyu, mu da ba addininmu ɗaya ba, har wani dattijo ya tashi ya ba maiɗakina kujerarsa.

Godiya ga matasan da suka jera kujeru suka kwashe, da mai kula da janareta wanda ko kallon wasan bai samu yi ba, da ɗan uwanmu da ya ara mana mota ya kuma jira mu har dare. 'Yan uwa mazauna nan Kinshasa da kuka ce in sanar da ku in za a sake, zan sa a zaurenmu na WhatsApp da zarar Mama ta faɗa min rana. Allah ya ƙara wa Papa Armand lafiya da nisan kwana, ya saka wa kowa da alheri, ya ba Kwango zaman lafiya. Amin.