Tarihin Rayuwata, Kashi na 7: Jijiyar da ke Yoyo

Makon jiya mun tsaya inda likitan Tawa ya rubuto mini takarda zuwa Yamai, bayan ƙwayoyin da ya ba ni don raunin gaba sun kasa. A gida na ce zan je karɓar kuɗin albasa a kasuwar Katako. Maiɗakina kaɗai ta san abin da zai kai ni. Muka bi Ƙonni, Dogondutsi, Dosso, ban iya cin komai a hanya ba.

Likitan mafitsara da na gani dattijo ne, ba ya gaggawa. Duk masu maganin da na bi a baya tambayarsu ɗaya ce: yana tashi ko ba ya tashi? Shi kuwa cewa ya yi, "Alhaji, in ya tashi, yana tsayawa?" Na ce nan ne matsalar take. Yana tashi, amma kafin a kai ko'ina ya kwanta, musamman in na sāke kwanciya. Ya tambaye ni ciwon suga, hawan jini, taba, da ko gaban ya taɓa lanƙwashewa. Awon jini bai nuna komai ba, sai ya tura ni eko, wato hoton na'ura mai nuna gudun jini.

Sai an yi allura kafin wannan eko, ƙaramar allura a gefen gaba, da wani magani mai suna prostaglandin da ke buɗe hanyoyin jini ko mutum ba ya cikin sha'awa. Na rufe ido don kunya. Mai awon ya shafa mai mai sanyi, ya ɗora na'ura, na riƙa jin bugun jinina, fuu, fuu, ja da shuɗi suna wulgawa a allo. Ya ce jinin da ke shiga in ya wuce santimita 30 a daƙiƙa, lafiya lau ne, nawa kuma ya wuce. Amma tsakanin bugun zuciya da bugu ya kamata gudun ya faɗo ƙasa da santimita 5, alamar ƙofar fita ta rufe. Nawa ya ƙi faɗowa. Da yake tsoro kaɗai kan iya ɓata sakamakon, sai da aka sāke awon wata rana. Bai canza ba. Kowane karo sukan gargaɗe ni, in gaban ya wuce awa 4 bai kwanta ba in dawo da gudu, ko da tsakar dare ne.

Likita ya zana mini a bayan takarda. Cikin gaba akwai tsoka biyu masu shan jini, kowace da fata mai tauri a kewaye. In suka cika sai su matse ƙananan jijiyoyin da ke mayar da jini, jinin ya rasa hanyar fita, gaba ya tsaya. Ni nawa ba sa matsuwa yadda ya kamata. "Salka ce mai huda," in ji shi, "ana zuba ruwa yana tsiyayewa." Ya ce Viagra, wadda ta fito a 1998, da ƴan uwanta suna ƙara wa jini shiga ne, shi ya sa in yoyon ya yi yawa ba sa isa. (Masu sayen irinsu a tasha, ku ji wannan: haɗa su da maganin ciwon ƙirji mai nitrate kan faɗar da jini har ya yi kisa.)

Na ce, "Likita, to yanka za a yi?"

Ya ce a da haka ake yi, a yanka a ɗaure jijiyoyin, amma ga maza da yawa amfanin ba ya daɗewa, har ƙungiyar likitocin mafitsara ta Amurka ba ta ba da shawarar a yi wannan tiyata ba. Akwai wata hanya da likitocin hoto ke bi, toshe jijiya daga ciki. Ba a sa mutum barci, wurin kawai ake kashewa. A huda babbar jijiyar da ke bin bayan gaba, ko a shiga ta makwankwaso da siririn bututu, a zuba ruwan da ke fitowa a hoto don a ga ta ina jinin ke gudu, sannan a tura wani manne na asibiti, wani lokaci da ƴan zaren ƙarfe, su toshe wurin. Lokacin turawa akan ce mutum ya riƙe numfashi ya yi yunƙuri, don kada mannen ya bi jini ya tafi huhu. Wajen awa ɗaya aikin ke ɗauka, yawanci ranar ake sallama.

Abin da ya sa na yarda da dattijon nan shi ne bai yi mini alkawari ba. Ya ce wasu sun samu sauƙi sosai, wasu sai sun haɗa da ƙwaya, wasu kuma jinin ya nemi sabuwar hanya bayan wani lokaci, matsalar ta dawo. Ya nuna mini zoben roba da famfon da wasu ke amfani da su ba tare da an huda su ba. In na zaɓi toshewar, zai haɗa ni da wani abokin aikinsa a Tunis.

Da magariba na kira maiɗakina daga masaukina. Kun tuna abin da na faɗa a kashi na 4, yadda yayyena mata suka riƙa cewa ita ta ɗaure ni don kada in yi mata kishiya, har Inna ta daina cin tuwonta. Matar da ta rufa mini asiri, ita aka mayar da mai asiri, kuma ko sau ɗaya ba ta buɗe baki ta kāre kanta da sirrina ba. Na yi mata bayanin duk abin da likita ya zana. Ta daɗe ba ta ce komai ba.

"Maigida, ke nan a hoto aka gani?"

"A hoto aka gani, uwar yara. Takardar tana aljihuna."

"To ka zo da ita. Ba don su ba. Inna nake so ta gani."

Kuɗin jirgi da na aiki sun fi ƙarfin abin da ke hannuna. Albasar da ke cikin rudu, rumbun ajiyarta, kuwa ta haɗaka ce ni da Yaya, mun ajiye ta sai farashi ya tashi, kuma ba zai yarda a fasa rudu ba sai ya ji dalili. Yadda na zauna gaban babban wana na faɗa masa, da amsar da ya ba ni, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.