Mai aikin jinga da harajin da babu mai cire masa

Ma'aikacin gwamnati ko na kamfani ba ya ganin harajinsa da ido, domin tun kafin albashi ya shiga asusunsa an riga an cire an miƙa wa hukuma. Mu da muke fassara, ko zanen tambari, ko rubuta manhaja, ko tace bidiyo a kan jinga, babu mai yi mana wannan hidimar, kuma da yawa daga cikinmu sun ɗauka cewa tunda babu mai cirewa, babu wajibcin biya. Na san tushen ƙyamar da ake yi wa haraji a wajenmu, domin har yau dattawa a Kano da Kaduna suna tuna yadda Abubakar Rimi da Balarabe Musa suka soke haraji da jangali a 1979. Sai dai wancan kuɗin kai ne da ake ɗora wa mai shi da marar shi, wannan kuwa a kan abin da mutum ya samu ake lissafa shi.

Sabbin dokokin haraji da Shugaba Bola Tinubu ya sanya wa hannu a watan Yunin 2025, suka fara aiki ranar 1 ga Janairun 2026, sun yafe naira 800,000 na farko a shekara. Daga nan ake karɓar kashi 15 cikin ɗari a kan naira miliyan 2.2 da ke biye, sai kashi 18 a kan miliyan 9 na gaba, har a kai kashi 25 ga abin da ya haura miliyan 50. Hukumar tara haraji ta jihar da mutum yake zaune ake biya wa, kuma dalar da abokin ciniki ya turo daga Amurka ko Ingila tana cikin lissafi matuƙar mai aikin mazaunin Najeriya ne.

Abin da ya fi damuna shi ne asarar da muke jawo wa kanmu saboda rashin ajiye shaida. A ɗauka wata mai fassara ta samu naira miliyan 4 a shekara, ta kashe 700,000 a kan data, man janareta da gyaran kwamfuta, sannan tana biyan hayar gida miliyan 1, wadda doka ta yarda a rage mata kashi 20 daga ciki, muddin rangwamen bai wuce naira 500,000 ba. Idan tana da rasidan da za ta nuna, za a lissafa mata haraji a kan miliyan 3.1, wato naira 348,000. Idan kuwa rasidan mai sun ruɓe a aljihun janareta, mai gida kuma hannu da hannu ake ba shi kuɗin haya ba tare da takarda ba, to a kan miliyan 4 cif za a yi lissafi, harajin ya zama 510,000.

Haka nan kamfanonin cikin gida sukan cire kashi 5 kafin su biya kuɗin aiki, kuma mutane da yawa suna ganin an zaftare musu ne kawai. Wannan kuɗin kafin alkalami ne daga harajin shekara, saboda haka ya zama dole mai aiki ya nemi takardar shaidar cewa an miƙa shi da sunansa, domin a ɗebe masa daga abin da ake bin sa. Shi ya sa nake ganin ware asusun banki ɗaya domin kuɗin aiki kaɗai ya fi duk wata dabara amfani, don kada gudummawar biki da kuɗin adashi su cakuɗe da kuɗin jinga.

Ranar 31 ga Maris ce wa'adin cike takardar bayyana wa hukumar haraji kuɗin shigar shekarar da ta gabata, kuma wanda ya makara tarar naira 100,000 ce a watan farko, sannan 50,000 a kowane wata bayansa. Tarar a kan rashin cike takardar take, saboda haka ko wanda ribarsa ba ta kai 800,000 ba yana bukatar ya cike ta a kan lokaci.