Manhajar shiga ta sauka, amma saitin fa?

Duk mai kula da kwamfutocin ofis ya san wannan wahalar. Ka tura manhajar shiga, wato mai tantance ma'aikaci kafin ya shiga asusunsa, irin su Okta Verify ko Duo, ta Intune, tsarin Microsoft na tura manhajoji zuwa kwamfutocin ofis, Intune ya nuna maka kore cewa ta sauka a kowace laftof, washegari tun kafin ka zauna waya ta fara ruri, wani daga reshenmu na Kumo yana cewa "Oga, abun nan yana tambayata adireshin kamfani fa, me zan rubuta?" Toh manhaja ta sauka kam, amma ba ta san sabar da za ta yi magana da ita ba, kuma ba aikin akawu ko mai karɓar kuɗi ba ne ya haddace wannan. Aikinmu ne, kuma ni da sikirif na PowerShell, wato jerin umarni da Windows ke gudanarwa, nake yinsa, wanda zai biyo bayan saukar manhajar ya zuba mata saiti.

Sai dai fa rubuta sikirif ɗin ba shi ne wahala ba, layi kaɗan ne. Wahalar ita ce sanin waye yake gudanar da shi. Kai ka gwada a kwamfutarka da asusunka komai ya tafi sumul, amma in ka tura ta Intune a matsayin na'ura, asusun SYSTEM, wato asusun Windows ɗin kansa, shi ne zai gudanar da shi, ba ma'aikacin ba. Saboda haka duk abin da ka rubuta a HKCU, ɓangaren mutum ɗaya na rajistiri, wato ma'ajiyar saitin Windows, ba zai je wurin Malam wane da ke zaune gaban allon ba, zai tafi can ɓangaren SYSTEM ne inda manhajar ba za ta taɓa leƙawa ba, kamar ka aika saƙo Dukku mota ta sauke shi a Bajoga. In manhajar tana karanta HKLM, ɓangaren kwamfutar gaba ɗaya, toh alhamdulillahi, ka sa a can kowa ya samu. In kuma dole sai na mutum ɗaya ɗaya, ni Active Setup, wani tsari na cikin Windows, nake amfani da shi, yana gudana sau ɗaya ga duk wanda ya shiga kwamfutar, wanda yake da amfani sosai a wurinmu tunda tebur ɗaya mutum biyu ko uku suke rabawa.

Akwai kuma wani abu da yake cinye wa mutane yini guda. Wakilin Intune da ke cikin kwamfutar 32-bit ne, in ka kira powershell.exe haka kawai a umarnin sakawa, na 32-bit ɗin zai tashi, sai ka buɗe regedit, manhajar duba rajistiri, ka duba ƙarƙashin SOFTWARE ka ga wayam, alhali sikirif ya ce ya yi nasara, ka gangara ƙasa ka buɗe WOW6432Node, ɓangaren manhajoji masu 32-bit, sai ga saitinka nan zaune lafiya lau, inda manhaja mai 64-bit ba ta dubawa. Maganinsa ka kira PowerShell ta hanyar Sysnative, adireshin da ke kai ka ga na 64-bit, in kuma ta shafin sikirif na Intune ka tura, ka kunna zaɓin 64-bit ɗin da hannunka.

Abin da na fi damuwa da shi gaskiya shi ne dokar ganowa, wato abin da Intune yake dubawa ya san ko manhaja ta sauka. Da yawanmu muna cewa Intune ya duba ko fayil ɗin manhajar yana nan, in yana nan shikenan an gama. Wallahi wannan bai isa ba, musamman a nan Gombe da wuta kan ɗauke ana tsakiyar aiki, batirin laftof ya tsufa, netwok ɗin reshe yana zuwa yana tafiya. Manhaja ta sauka, kafin saiti ya shiga kwamfuta ta mutu, gobe Intune ya ga fayil ya ce komai daidai, ba zai sake gwadawa ba. Ka sa dokar ta duba ainihin adireshin da ka rubuta a rajistiri, in babu ya sake turawa. Kuma ka rubuta sikirif ɗin yadda ko an maimaita shi ba zai ɓata komai ba, ya fara dubawa ko saitin yana nan kafin ya taɓa. In ya gama lafiya ya fita da 0, lambar da ke gaya wa Intune an yi nasara, in ana buƙatar a sake kunna kwamfuta ya fita da 3010, in ya gaza ya fita da wata lamba daban, kar ya haɗiye matsala ya yi shiru.

Ka sa umarnin Start-Transcript a layin farko ya ajiye rahoto a cikin foldar ProgramData, don ranar da aka kira ka daga Kaltungo ba sai ka hau mota ba, fayil ɗaya za ka karanta. Kalmar sirri kuwa don Allah jama'a kar a rubuta ta cikin sikirif, yana sauka a kan kwamfutar ne, mai ikon admin zai iya buɗewa ya gani.

Kafin in tura wa kowa, ina buɗe PowerShell a matsayin SYSTEM da umarnin psexec -i -s in gwada a wata tsohuwar laftof da muka ware, sannan in tura wa 'yan sashenmu tukuna, sai an wuni ba wanda ya kira sannan rassa su samu.