Raɓa a Cikin Agogon Mahaifina

Hunturuna na farko a La Chaux-de-Fonds, garin masu agogo da ke kan duwatsun Jura na Suwizalan, na fito daga ɗaki mai ɗumi zuwa cikin dusar ƙanƙara, na duba hannu sai na ga gilashin agogona ya yi hazo ta ciki. Gabana ya faɗi. Agogon mahaifina ne, shi kaɗai na taho da shi daga cikin kayansa.

Maƙwabcina wani dattijo ne da ya ƙare ƙuruciyarsa a masana'antar agogo. Wata uku gaisuwa kawai ke haɗa mu, don Faransancina bai taka kara ya karya ba. Ran nan dole ta sa na ƙwanƙwasa ƙofarsa.

"Baba, a taimaka," na ce, na miƙa masa.

Bai yi wata-wata ba ya buɗe bayan agogon. Ya ce danshin ya daɗe a ciki, sanyi ne kawai ya tona shi. Robar da ke zagaye murfin ta bushe, tana taɓawa tana marmashewa, ta ɗan kan da ake murzawa ma haka. Ta nan gumi da tururi ke shiga, tsatsa kuma ba ta jira, kwana kaɗan ta kama ƙarfen. Rubutun hana ruwa da ke jikin tsohon agogo, a cewarsa, alkawari ne na ranar da aka ƙera shi.

Sai ya ba ni madubin idonsa. Ƙarƙashin ɗan wilin da ke kai-komo na ga tambari ƙanƙane, AS, da lamba 1130. Ashe sunan da ke fuskar agogo daban, wanda ya ƙera injin daban. Wannan na kamfanin A. Schild ne da ke Grenchen, yana buga 18,000 a sa'a, wato biyar a daƙiƙa. Na kara a kunne, hawaye suka cika mini ido, shekara da shekaru ina jin sautin ban san ƙirgarsa ba.

Ya wanke injin, ya sa mai, ya sauya robobin. Ya gargaɗe ni in cire shi kafin in taɓa ruwa, kada in shiga banɗaki da shi, in riƙa ajiye shi a akwati tare da 'yan ƙunshin silika masu shanye laima.

Yanzu duk Asabar ina teburinsa. Yana koya mini karanta tambarin wasu kamfanonin ƙera injin agogo, ETA da FHF, sunayen sassan kuma da Faransanci nake haddace su.